Akushin Zaure da Teburin Mai Shayi a Kademi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Mai ciyar da bayinsa, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wani ɗan al'amari ne da ya auku a makarantata nan Kademi, ƙasar Gaya, cikin hunturun 2024. Ran nan bayan sallar lisha mun hura wuta, yara sun kewaye ta da allunansu, na ƙidaya na ga babu wani ƙolo guda. Sai da karatu ya yi nisa sa'an nan ya sulalo ya zauna a baya, hannunsa yana ƙanshin sabulu. Na leƙa robarsa, na ga 'yan silallan taliyar nan da a ke kira Indomie, da ɓawon burodi. Na ce, "Kai yaro, ina ka tsaya?" Ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, na zaga gida bakwai ban samu ba, sai na tafi bakin hanya na wanke wa mai shayi faranti, ya ba ni wannan." Na ce, "Gidan uwar ɗakinka fa?" Ya ce, "Yau ba su ɗora tukunya ba. Amma na ga maigidan can a teburin, ana soya masa ƙwai."

Ban dake shi ba, don ban ga laifinsa ba. Amma maganar nan ta hana ni barci. Maigidan na san shi, muna sahu ɗaya da shi a masallaci, kuma ba zan ambaci sunansa ba, domin abin ba nasa ne shi kaɗai ba.

Bari in fara gaya wa yaran yanzu yadda muka tarar, don waɗansunsu ko sunan abin ba su sani ba. Sa'ad da mu ke yara, in an sallame magariba, kowane magidanci na unguwa ya kan aiki yaro cikin gida ya fito da akushinsa, da ƙwaryar miya, an rufe da faifai. A shimfiɗa tabarmi a zaure ko ƙofar gidan wanda ya girme su, a jera akusa. Wannan shi ne ciyayya. Ba a buɗe su gaba ɗaya. A jawo ɗaya a cinye, a ture, a jawo na biye. Wani tuwon dawa da miyar kuka, wani na gero da kuɓewa busasshiya, wani miyarsa ta ji daddawa da man shanu, wani kuwa ruwa ne da gishiri da ɗan kanwa. Babu mai cewa wannan na gidan wane ne, ko da ya ke kowa ya sani. Baƙon da dare ya yi masa a gari, ko mai tallan koli ne ko mai jaki, ya isa ya yi sallama ya wanke hannu. Gwauron da matarsa ta yi yaji ya zo hannu rabbana ya zauna, ba a tambayarsa. Dattawa kuma su kan ɗauke hannu da wuri da gangan, su ce sun ƙoshi, don abin da ya saura shi ne rabon yara da almajirai da ke tsugune a gefe.

Na yi wayo ƙwarai lokacin yunwar 1984, sa'ad da fari ya cinye amfanin gona. Na ga akusa sun ƙanƙance, na ga tuwon da dusa ta fi gari yawa a cikinsa. Amma ban ga an daina fitowa da su ba. Wanda ya rasa yau, na maƙwabcinsa ya rufa masa asiri, jibi shi ma ya rufa wa wani. Mutanen da ba su rubuta wannan a takarda ba, amma doka ce mai ƙarfi a wurinsu, har in akushin mutum ya yi kwana biyu bai fito ba, sai a tashi wata tsohuwa ta shiga gidan da ɗan hatsi cikin zane, kamar ta zo gaisuwa.

To, kada wani ya zaci ina cewa sayen dafaffen abinci baƙon abu ne a ƙasar Hausa. Ko kusa. Wani Bature na Birtaniya, Kyaftin Clapperton, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdullahi, ya shigo Kano a watan Janairu 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Ya rubuta cewa ya ga masu dafa abinci a fili kusa da mahauta a kasuwar birni, an hura wuta an kafa tsinken nama kewaye da ita, tsoka da kitse a jere, ga mace da faifai a kan gwiwa tana miƙa wa masu saye, su kuwa suna tsugune kewaye da ita, ga mai ruwan gero a kusa don wanda ya ke da hali. Ya ce kuɗin bai wuce wuri 20 ba. Wanda duk ya san tukubar mai tsire ya san abin da Baturen nan ya gani, shekara 200 ke nan. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro su ma in sun sauka zango, matan garin ne ke fito musu da fura da tuwo su saya. Nan cikin gari kuwa tun kakanninmu kalaci da abin rana na saye ne: koko da ƙosai da safe, in rana ta yi a ji 'yan talla da ɗanwake, da dambu, da waina, da fura. Matan aure na cikin kulle su ne masu wannan sana'a, da ita su ke yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Abin lura shi ne, duk wannan ciniki bai taɓa tuwon dare ba. Na dare na gida ne, kuma na jama'a ne.

Ta fuskar shari'a ma babu wanda ya haramta. A Suratul Kahfi an ba mu labarin samarin nan da suka farka daga dogon barcinsu, suka aiki ɗayansu birni da azurfarsu ya sayo musu abinci, suka yi masa wasiyya ya duba wanda ya fi tsarki. Abin da malaman fikihu suka yi magana a kai shi ne muruwa, watau kamun kai irin na mutumin kirki. Sun lissafa cin abinci a tsakiyar kasuwa cikin abubuwan da ke rage ta, har alƙali ya iya ƙin shaidar wanda ya mai da shi ɗabi'a, amma sun togace ɗan kasuwa da ke wuni a rumfarsa, da wanda yunwa ta ci ƙarfinsa. Imamu Gazali, wanda ya rasu shekara ta 505 bayan Hijira, ya kawo maganganun magabata na ɓangare biyu a babin ladubban ci na littafinsa Ihya'u, sa'an nan ya nuna hukuncin yana sauyawa gwargwadon mutum da al'adar garinsu. Ni kaina in na tafi kasuwar Wudil ran Juma'a na kan shiga rumfar mai tuwo in zauna a benci in ci, ban taɓa jin na zubar da rawanina ba. Matafiyi ne ni a ranar.

Yanzu sai mu zo ga teburin mai shayi. Wanda ya bi bakin hanya a Kademi, ko Gaya, ko Ajingi, daga magariba zuwa tsakar dare, zai gan su. Tebur ne dogo an shimfiɗa masa leda, an yi ginin burodi a kai kamar katanga, ga gwangwanayen madara da Bournvita da Milo an ɗora bisa juna, ga kiret na ƙwai, ga kwalin Indomie. A gefe tukunyar ruwan zafi tana tafasa kan gawayi, ga risho ko ɗan gas na suya. Benci uku sun kewaye. Fitila mai aiki da hasken rana tana rataye, rediyo na magana, samari sun sa wayoyinsu caji. Mai kuɗi ya ce a haɗa masa kauri, marar kuɗi ya sha ruwan bunu da burodi rabi. Mai shayin ya ɗaga kofi sama ya tsiyaya cikin wani, ya mayar, har ya yi kumfa, ko ɗigo ba ya zuba. Gaskiya abin sha'awa ne, kuma kusa da shi ba a rasa mai tsire, da mai awara, da rumfar mai garau-garau wadda ta kai dare.

Sa'ad da na ke yaro shayi a ƙauye abin maras lafiya ne da mai jego, sai kuwa Buzaye da 'yar butarsu. Burodi tsaraba ce ta wanda ya dawo daga birni. Teburin shayi na tasha ne, don direbobi da 'yan kamasho. Taliyar Indomie kuwa asalinta ƙasar Indunusiya, ba a fara yin ta a Nijeriya ba sai tsakiyar shekarun 1990, a garin Ota ta jihar Ogun. Cikin shekara 30 ta shiga inda mota ma ba ta shiga. Dalilinta a fili ya ke: kafin mace ta surfa dawa, ta kai niƙa, ta tankaɗe, ta tuƙa, wuni ya tafi, wannan kuwa kafin ka gama gaisawa da mutanen benci an sauke.

Amma ka duba kayan teburin nan ɗaya ɗaya, ya kai mai karatu, ka gaya mini wanne ne gonar Kademi ta haifa, in ka ɗebe ƙwai da albasa da attaruhu. Alkamar burodi da ta taliya mafi yawanta jirgin ruwa ke kawo ta. Madara garinta daga ƙetare ya ke zuwa, sukari ma ɗanyensa a ke shigowa da shi a tace a Ikko. Saboda haka da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki Naira a watan Yuni, dala ta tashi daga wajen Naira 460 har ta haura 1,500 a farkon 2024, sai teburin ya bi ta a guje. A watan Fabrairu 2024 mata masu gurasa a birnin Kano sun fito titi suna kukan tsadar fulawa. A tsakiyar shekarar nan hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar abinci ta ƙaru fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Kuɗin ƙosai da ɗanwake a cikin gari ya ke kwana, daga hannun miji zuwa hannun matar maƙwabci. Kuɗin shayi da taliya, ban da 'yar ribar mai tebur, mota ya ke hawa.

Duk da haka ba zan zalunci mai shayi ba, don na san alherinsa. Malamin makarantar boko da aka turo daga nesa ba iyali, da ma'aikacin asibiti mai kwanan aiki, da direban da ya sauka tsakar dare, da tuzurun da bai da mai dafa masa, ina za su nufa? Da can zaure ne ke ɗaukarsu. Yau mai shayi ne. Lokacin da aka canja takardun Naira 200 da 500 da 1,000, kuɗi suka ɓace daga hannun mutane a watan Fabrairu 2023, na ga mai shayin unguwarmu ya buɗe littafi yana rubuta bashi, mutum ya sha ya ci ya tashi, sai ran da Allah ya hore. Waɗansu har yau ba su biya ba, bai kuwa kai ƙarar kowa ba. Shi ne kuma ya ba yarona abin da ya kwana da shi a ciki ran da gida bakwai suka ce Allah ya ba da haƙuri. In an yi maganar tsabta ne na ke da ƙorafi, a kansa da masu tuwo duka: bokiti ɗaya na ruwa a ke tsoma kofi da faranti tun magariba har a tashi. Mutanen jihohin Kano da Jigawa da Bauci ba su manta amai da gudawa na 2021 ba, wanda ya kama fiye da mutum 100,000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 3,000. Ibnul Hajji mai littafin Madkhal ya yi babi babi a kan masu dafa abinci da masu gashin gurasa na Masar tun ƙarni na 8 na Hijira, yana yi musu faɗa a kan irin wannan. Sauya ruwan wanki ba ya cin riba.

Bayan kwana biyu na tare maigidan nan a bayan masallaci, inda ba mai jinmu. Na ce, "Malam wane, ina da magana, in ka yarda." Ya ce, "Allah gafarta Malam, ai kai uba ne." Na gaya masa abin da yaro ya gani. Ya yi shiru har na yi nadamar tambaya. Sa'an nan ya ce, "Malam, wallahi ba rowa ba ce. Na wuni kan babur tun asuba ban sa kome a bakina ba. Abin da na samu, in na kai gida ba zai tuƙa tuwon mutum tara ba. Na ba su na garin kwaki, na ce ni in ci abin da zan iya tashi gobe." Na ce, "To, ciyayyar ƙofar gidan babanka fa, me ya kashe ta?" Ya ce, "Kunya, Malam. Ran da na fito da tuwo ba miya sai ruwan barkono, yaran unguwa suka yi ta yi da 'ya'yana. Tun ran nan ban sake ba."

Wannan amsa ta sauya mini tunani ƙwarai. Na zo da zaton kwaɗayi ne kaɗai, na tarar har da tsoron tonon asiri. Ciyayya tana buɗe tukunyar kowa a gaban kowa, ba ta yiwuwa sai tsakanin mutanen da suka yarda su ga talaucin juna su yi shiru. A teburin shayi kuwa ba mai sanin abin da ka baro a gida. Ka biya, ka ci farantinka kai kaɗai, na kusa da kai yana cin nasa, in ka ce masa bismilla ya ce na gode, ku duka kun san ba da gaske ba ne.

Amma ban sallame shi da wanke shi ba, kuma ba zan wanke irinsa a nan ba. Ciyar da mata da 'ya'ya wajibi ne a kan miji gwargwadon halinsa, babu saɓani a kan wannan, kuma gwargwadon hali ma'anarsa su ci irin abin da ya ke ci. Na ce masa ya lissafa taliya ƙulli biyu da ƙwai biyu da kofin kauri, ya ga ko ba su sayi rabin kwanon dawa ba, da kuka da daddawa. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya, wannan gaskiya ne, mai aikin ƙarfi sai ya ci. To, ya ci ɗanwake da rana, ya kawo sauran gida. Akwai kuma waɗanda ba su da ko uzurinsa: rumbunsu da hatsi, matar ta tuƙa ta aiko, su ce ba sa cin tuwo, su tafi majalisa a yanka musu balangu, su goge baki kafin su shiga gida. Waɗannan su Hausawa ke nufi da suka ce laifin babba rowa. Yaro yana jin ƙanshin tsire a rigar ubansa, kuma ba ya mantawa.

Saura laifina. Ba daidai ba ne in hau kan magidanta in bar kaina. Tsarin da muka gada, na uba ya kawo yaro ya danƙa wa malami da allo da 'yar riga ya juya, an gina shi ne a kan akushin nan na zaure. Gari ne ke ciyar da almajiri, malami ya koyar. Yau akushi ya koma ciki, mu kuwa muna ta karɓar yara kamar yana nan. A shekarar 2020, lokacin cutar korona, da gwamnonin Arewa suka yi ta kwashe almajirai a mota ana mai da su garuruwansu, mun ji zafi, mun yi magana. Amma tambayar da aka yi mana ran nan, wa ke ciyar da su, har yanzu ba mu amsa ta da kyau ba. Yaron da ke wanke faranti har ƙarfe goma na dare ba zai biya allonsa da asuba ba, kuma abin da kunnensa ke ji a bakin tebur ba karatu ba ne. Tun daga hunturun nan na daina karɓar ƙaramin yaro sai ubansa ya yi alkawarin hatsi bayan kaka. Waɗansu sun yi fushi sun kai 'ya'yansu wani wuri. Gonar makaranta kuma, da ni da gardawa mun ƙara mata kadada.

Sa'an nan na yi shawara da liman da mai unguwa, muka ce a gwada daren Juma'a kaɗai, kowa ya fito da abin da ya ke da shi ƙofar gidana, da sharaɗi biyu: mata su zuba a kwanon da ba a san na gidan wa ba ne, yara kuma su yi nisa sai an kira su. Makon farko akushina ne kaɗai da na liman, muka ci mu biyu muna duban hanya. Mako na uku aka sami biyar. Wani dattijo ya zo da fura a ƙwarya, ya ce haƙoransa sun gama da tuwo. Samari ba su zo ba, har yanzu ba sa zuwa, suna can benci, ban kuwa aika a kira su ba. Maigidan nan sai a mako na shida ya zo, da kwano rufe a hannunsa shi da kansa, ya ajiye cikin sauran ya koma can ƙarshen tabarma. Da muka buɗe muka tarar da fate ne na tsaki da rama, ba mai. Liman ya jawo shi gabansa ya fara da shi.

Mai shayin ya ji labari. Daren Juma'ar da ta wuce sai ga yaronsa da buta cike da ruwan bunu da kofuna shida, ya ce maigidansa ya ce a gaida Malam, a kuma dawo masa da kofunan kafin mutanen lisha su taso.

Haza wassalam.